Wa Ya Durƙusar da Shafin Inshorar Obama?

Ranar Talata, 1 ga Oktoban 2013, gwamnatin Amurka ta buɗe shafin intanet ɗin da ta kwashe shekara uku da rabi tana yi wa jama'a albishir da shi. Sunansa HealthCare.gov. A nan ne duk Ba'amurken da ba shi da inshorar lafiya zai shiga ya duba tsare-tsaren kamfanoni, ya ga tallafin da gwamnati za ta ba shi, ya zaɓi wanda ya dace da aljihunsa. Jihohi 36 ne suka dogara da shi. Kwana biyar kafin nan, Shugaba Barack Obama ya tsaya gaban taro a wata kwaleji a jihar Maryland, ya ce abin zai zo da sauƙi kamar sayen talabijin a Amazon. Hukumomi sun ce mutum miliyan 4.7 ne suka leƙa shafin a ranar farko. Waɗanda suka kai ga kammala rajista a wannan rana kuwa su shida ne. Zuwa ƙarshen rana ta biyu sun kai 248.

Ba a sanar da waɗannan alƙaluma a lokacin ba. Sai bayan wata guda suka fito daga takardun taron ma'aikata da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya bankaɗo. Abin da jama'a suka sani shi ne abin da idonsu ya gani. Mutum zai zauna gaban kwamfuta, ya rubuta sunansa da adireshinsa, ya zo inda ake zaɓar tambayoyin sirri, ya danna, sai akwatin ya buɗe babu ko tambaya ɗaya a ciki. Wani kuma ko nan ba zai kai ba: shafin zai ce masa mutane sun yi yawa, ya dakata, ya zauna yana kallo har dare. Cikin masu jiran nan akwai masu ciwon suga da masu cutar kansa waɗanda kamfanonin inshora suka daɗe suna ƙin karɓa saboda tsohuwar cuta. Sabuwar doka ta hana a kore su daga 1 ga Janairun 2014, amma da yawansu ta wannan shafi za su bi. A ƙasar da kwanciyar asibiti ta mako guda kan iya cinye abin da iyali suka tara, wannan jira ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

To me ya faru? Ƙasar Google da Facebook ce, kuma aikin da shugaban ƙasa ya fi ji da shi ne. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Wanda aka fara ɗora wa laifi shi ne jama'a. A ranar farko Obama ya ce cunkoso ne, ya kuma kawo misali da kamfanin Apple, wanda ya fitar da sabuwar manhajar waya aka sami ɗan cikas aka gyara. Bayan 'yan kwanaki Todd Park, babban jami'in fasaha na fadar White House, ya kawo lissafi: an yi tanadin mutum dubu 50 zuwa 60 a lokaci guda, sai ga dubu 250. A cewarsa, da za a rage yawan jama'a, shafin zai yi aiki. Bayanin yana da daɗin ji, domin ya mayar da abin kunya abin alfahari: kaya ne ya yi farin jini har aka yi masa rububi.

Sai dai bayanin bai yi tsawon rai ba. Mutane suka gaji, masu shiga suka ragu ƙwarai, shafin kuma bai miƙe ba. Sannan jaridar Washington Post ta gano cewa kwanaki kaɗan kafin buɗewa an gwada shafin da masu shiga na gwaji 'yan ɗaruruwa kacal, ya faɗi. A daren buɗewa ma, jim kaɗan bayan sha biyu, mutum wajen 2,000 ne suka isa suka ƙame shi. Wato ko kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ce an yi tanadi ba ya iya ɗauka. Cunkoso ya tona asiri ne kawai. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Daga nan hankali ya koma kan ƙofar shiga. A tsarin farko, an so kowa ya iya duba farashi ba tare da ya buɗe asusu ba. Ana saura 'yan makonni a buɗe, hukumar da ke kula da aikin, wato CMS, ta ba da umarnin a rufe wannan hanya. Ka ɗauka kasuwa ce aka ce ko tayin albasa ba za ka yi ba sai ka tsaya a ƙofa ɗaya an duba katinka, an tambayi sunan unguwarku, an buga wa wani ofishi waya ya tabbatar kai ne. Mai niyyar saye da ɗan kallo da ɗan jarida, duk layi ɗaya. Haka miliyoyin mutane suka afka kan manhajar tantance mutum, wadda ba a gina ta don irin wannan nauyi ba.

'Yan jam'iyyar Republican suka ce da gangan aka yi, don kada mutane su ga tsadar inshorar kafin a nuna musu tallafi. Henry Chao, mataimakin shugaban sashen fasaha na CMS, ya shaida wa majalisa cewa dalilin bai kai nan ba: an gwada wannan ɓangare ne ya gaza, sai aka kashe shi. Ni na fi karkata ga maganarsa, kuma ita ce ta fi ban tsoro. Ana saura 'yan makonni a buɗe, an ɗauki matakin da zai ninka nauyin da ke kan wani ɓangare dabam, kuma babu wanda ya zauna ya lissafa abin da hakan zai haifar. A riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Da aka faɗaɗa ƙofar, sai ga wasu cututtukan a ciki. Wasu sun cika komai an ba su lissafin tallafi ba daidai ba. Kamfanonin inshora suka fara ƙorafi cewa bayanan da shafin ke aiko musu a hargitse suke: mutum ɗaya ya zo sau biyu, matar aure ta zo a matsayin 'ya, wani ya yi rajista sunansa bai iso ba sam. Daga baya CMS ta amince cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan saƙonni a watannin Oktoba da Nuwamba suna da kuskure. Wannan ya fi faɗuwar shafi muni, domin mutum zai tafi asibiti da tabbacin yana da inshora, a duba a ce ba a san da shi ba. A watan Nuwamba kuma Chao ya faɗa wa 'yan majalisa cewa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na dukan tsarin, musamman ɓangaren biyan kamfanoni kuɗi, ba a ma gina shi ba tukuna.

Nan sai ido ya koma kan 'yan kwangila, kuma a nan labarin ya fi ɗaukar hankalina. Kamfanoni 55 ne suka sa hannu a aikin. CGI Federal, reshen wani kamfanin Kanada, shi ya gina uwar kasuwar inshorar da ke cikin shafin. QSSI ya gina manhajar rajista da kuma mahaɗar da ke tuntuɓar hukumar haraji da ta tsaron cikin gida da sauransu don tabbatar da kuɗin shigar mutum da matsayinsa na ɗan ƙasa. Terremark, mallakar Verizon, shi ke ɗauke da manyan kwamfutocin. Wani ya kawo rumbun bayanai, wani ya zana fuskar shafin, wani na karɓar takardun da aka cika da hannu.

Ranar 24 ga Oktoba aka zaunar da manyansu gaban kwamitin makamashi da kasuwanci na Majalisar Wakilai. Cheryl Campbell ta wakilci CGI, Andrew Slavitt ya wakilci QSSI. 'Yan majalisa sun zo da shirin su kama ɓarawo, amma amsar da suka samu kusan iri ɗaya ce daga kowane baki: ɓangarena na gwada shi, ya yi aiki. To wa ya haɗa ɓangarorin ya gwada su gaba ɗaya, daga danna maɓallin farko har saƙo ya isa kamfanin inshora? Wannan aikin CMS ne, in ji su. Yaushe aka yi? A makonni biyun ƙarshe na Satumba. Nawa ya kamata a ɗauka? Watanni.

Ba ina wanke 'yan kwangilar ba ne. Binciken da ya biyo baya ya nuna aikin CGI yana cike da kurakurai, an sha jan kunnensa, a watan Janairun 2014 kuma aka maye gurbinsa da Accenture. Amma a lura da abin da zaman nan ya fito da shi: mai yiwuwa ne kowannensu gaskiya ya faɗa, kuma duk da haka shafin ya faɗi. Takardar kwangilar kowa ta ce ya kawo yankinsa. Babu wanda takardarsa ta ce shi ne zai tabbatar wata mata a Texas ta sami inshora.

Akwai kuma yadda aka zaɓo su. An ba CGI aikin a watan Satumban 2011 ta ƙarƙashin wata babbar yarjejeniya da aka ƙulla tun 2007, shekara uku kafin a san da dokar. Kamfanonin da suka shiga jerin wancan lokaci su kaɗai ke da damar nema. Irin wannan tsari yakan fifita wanda ya ƙware a cika takardun gwamnati a kan wanda ya ƙware a gina shafin da miliyoyi za su shiga. Kuɗi kuwa ba su yi ƙaranci ba a wannan fanni. Ofishin binciken kuɗi na majalisa, GAO, ya gano cewa kwangilar gina kasuwar ta tashi daga dala miliyan 56 zuwa sama da 209, ta mahaɗar bayanai daga miliyan 30 zuwa kusan 85, kuma zuwa farkon 2014 abin da aka ware wa aikin ya kai miliyan 840. Har ya sami lokuta kusan 40 da ma'aikatan da ba su da hurumi suka ba 'yan kwangila izinin kashe kuɗi.

Siyasa ma ta yi nata ɓarnar, ba sai an daɗe a kanta ba. Dokar tana gaban Kotun Ƙoli har Yunin 2012. Gwamnati ta jinkirta fitar da wasu ƙa'idoji har bayan zaɓen Nuwamba na wannan shekara. Jihohi da yawa sun ja ƙafa kafin su ce ba za su gina nasu ba, nauyinsu ya dawo kan tarayya. Sakamakon haka, sai cikin 2013 aka shiga rubuta manhajar gadan-gadan, ana yi ana sauya abin da ake so. Ranar buɗewa kuwa ba ta motsi. Duk wannan ya bayyana dalilin da ya sa lokaci ya ƙure. Abin da bai bayyana ba shi ne yadda shugaban ƙasa zai fito kwana biyar kafin faɗuwa yana yabon abin da masu gininsa suka ga ya faɗi a gwaji. A watan Nuwamba Obama da kansa ya ce ba a sanar da shi kai tsaye cewa shafin ba zai yi aiki ba, da an sanar da shi da bai fito yana cika baki ba. Ke nan akwai inda labari yake tsayawa a hanya.

Amsar ta fara bayyana ne lokacin da aka kira baƙi. A tsakiyar Oktoba, fadar White House ta ɗora wa Jeff Zients, tsohon muƙaddashin shugaban ofishin kasafin kuɗi, nauyin gano ko shafin zai gyaru ko a rushe shi a sake. Shi da Todd Park suka tattaro 'yan tsirarun ƙwararru daga waje. Cikinsu akwai Mikey Dickerson, injiniya daga Google wanda sana'arsa ita ce hana manyan shafuka faɗuwa, da Paul Smith da Greg Gershman da wasu kaɗan. Suka zaga ofisoshin 'yan kwangila a Virginia da Maryland, suka yi tambayar da duk mai wannan sana'a zai fara yi: ina allon da kuke duba lafiyar shafin? Mutum nawa ke ciki yanzu, wane ɓangare ne ke jan ƙafa, ina kuskure ke fitowa?

Babu shi. Kowane kamfani yana iya leƙa nasa lungu, amma babu wuri guda da mutum zai tsaya ya ga duka. Dickerson ya sha ba da labarin cewa a kwanakin nan, hanyar da masu aikin ke sanin shafin ya faɗi ita ce su ga an sanar a tashar CNN. Mako uku ke nan da buɗewa, ɗaruruwan injiniyoyi na aiki dare da rana, kowa na gyaran abin da yake zato shi ne matsala.

Abu na farko da baƙin suka yi shi ne girka manhajar sa ido da ake saye a kasuwa, New Relic, suka haska ta a manyan alluna. Da ido ya buɗe, sai ga abubuwan da ba su da wuyar gyara. Misali, duk lokacin da mutum ya nemi ganin tsare-tsaren inshora, shafin sai ya koma can cikin babban rumbu ya tono amsar daga tushe, ko da mutum dubu sun yi tambaya iri ɗaya a minti guda. Kowane babban shafi yana ajiye amsoshin da aka fi nema a kusa, inda za a ɗauko su nan take. Wannan ba shi da isasshen irin wannan tanadi. Da aka sa, lokacin da shafi ke ɗauka kafin ya buɗe ya sauko daga daƙiƙa takwas zuwa wajen biyu, daga baya ya koma ƙasa da ɗaya.

Abin da ya fi ba baƙin mamaki shi ne mutanen da suka tarar. Sun zo da tsammanin za su sami ragwaye ko waɗanda ba su san aiki ba. Suka sami injiniyoyi da yawa da suka san inda ke ciwo, kunya ta ishe su, suna ƙishirwar a gyara. Wasu sun san matsalar tun tuni, amma tana cikin yankin wani kamfani, kuma ba su da wanda za su kai wa ƙara ya yanke hukunci. Don haka Zients ya ce shafin zai gyaru. Ranar 25 ga Oktoba ya yi alkawarin cewa zuwa ƙarshen Nuwamba zai yi wa mafi yawan jama'a aiki, ya kuma sanar da matakin da a ganina shi ne mabuɗin dukan labarin: an naɗa QSSI babban ɗan kwangila mai kula da sauran. Ashe har zuwa wannan rana babu mai riƙe da wannan kujera.

A garin Columbia na jihar Maryland aka kafa cibiyar aiki. Sau biyu a rana, da safe da yamma, ake taro a tsaye, wakilan kowane kamfani suna nan, na nesa suna kan layin waya da ba a kashewa. Dickerson ya manna ƙa'idoji uku a bango. Ɗakin nan na warware matsala ne, mai neman wanda zai ɗora wa laifi ya nemi wani wuri. Wanda ya fi sanin abu shi zai yi magana, ko da shi ne ƙarami a muƙami. Sannan abin da zai cutar cikin kwana ɗaya ko biyu masu zuwa shi za a sa gaba. Wanda bai taɓa aiki a babbar ma'aikata ba zai ga kamar ba wani abu ba ne. Wanda ya taɓa zama a taron da ƙaramin ma'aikaci ya san gaskiya amma ya yi gum saboda oga na wurin, ya san nauyin ƙa'ida ta biyu. A ɗakin nan, injiniya zai iya tashi ya ce gyaran da na yi jiya ne ya kayar da shafin, a ce madalla da ka faɗa, a wuce zuwa magani.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Ranar 27 ga Oktoba kwamfutocin Terremark suka ɗauke, suka sake ɗaukewa bayan kwana biyu, har ranar 30 ga wata Sakatariyar Lafiya Kathleen Sebelius na gaban majalisa tana cewa a kama ta da alhakin abin da ya faru, shafin kuwa yana kwance. Daga 1 ga Oktoba zuwa 2 ga Nuwamba mutum 26,794 ne suka yi rajista ta shafin tarayya. A farkon Nuwamba, kashi 43 cikin ɗari na lokaci kawai yake a tsaye. Amma zuwa 1 ga Disamba an yi gyara sama da 400, tsayuwarsa ta haura kashi 90, kuskure ya sauko daga kashi shida zuwa ƙasa da ɗaya, yana kuma ɗaukar mutum dubu 50 a lokaci guda. Zuwa tsakiyar Afrilun 2014, mutum miliyan takwas sun yi rajista ta shafin tarayya da na jihohi. Mafi yawan hannuwan da suka yi gyaran nan su ne dai waɗanda suka gina shi tun farko.

Saura tambaya ɗaya: shin babu wanda ya hango? Takardun da suka fito daga baya sun nuna an hango, an kuma rubuta. Tun watan Mayun 2010, makonni kaɗan da sa hannu a dokar, David Cutler, masanin tattalin arzikin lafiya a jami'ar Harvard wanda ya ba Obama shawara lokacin kamfe, ya aika wa fadar White House wasiƙa yana gargaɗin cewa waɗanda aka ɗora wa aiwatar da dokar ba su da gogewar tafiyar da aiki irin wannan. A ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2013, wata shida kafin buɗewa, kamfanin ba da shawara na McKinsey, wanda gwamnati da kanta ta ɗauko, ya gabatar da abin da ya gano ga manyan jami'ai, har da Sebelius. Ya ce buƙatu na ta sauyawa, lokacin gwaji bai isa ba, za a buɗe wa kowa a rana ɗaya maimakon a bi sannu a hankali, kuma babu mutum guda mai wuƙa da nama. Ya ba da shawarar a naɗa shi. Ba a naɗa ba. Babban sufeton ma'aikatar lafiya, a rahotonsa na Fabrairun 2016, ya ƙirga gargaɗi 18 a rubuce da CMS ta samu cikin shekara biyu kafin buɗewa.

Rahoton nan ne ya rufe binciken, kuma abin da ya sa a gaba shi ne rashin shugabanci bayyananne. Masu tsara manufofi suna Bethesda, masu fasaha suna Baltimore, kowane sashe da ogansa. Manyan CMS sun ɗauka CGI ne ke haɗa kan ɓangarorin, CGI kuwa bai ɗauki kansa haka ba. Yanzu a koma kan ƙofar da aka rufe a Satumba: wanda ya rufe ta yana kare nasa ɓangaren ne daga kuskure, kuma babu wanda aikinsa ne ya ce masa nauyin zai faɗa kan wani. Haka gwajin da ya faɗi: waɗanda suka gani sun gani, amma babu wanda ke da ilimin gane girman abin tare da ikon shiga ofishin shugaban ƙasa ya ce a ɗaga ranar, ko a fara da jihohi biyu. Masu ilimin ba su da iko, masu ikon kuma takarda ce ke iso musu bayan an bi ta hannu-hannu kowa ya rage mata ɗaci.

Jihar Oregon ta ba da shaida ta biyu. Ita ta zaɓi gina nata shafin, ta ɗauki kamfanin Oracle, ta sami tallafin tarayya na kusan dala miliyan 300, ta kuma yanke shawarar ita da kanta za ta haɗa ɓangarorin ba tare da ta ɗauki mai wannan sana'a ba. Shafin bai taɓa kai ga barin jama'a su kammala rajista da kansu ba. Aka koma cika takarda da hannu, a watan Afrilun 2014 kuma jihar ta haƙura ta koma HealthCare.gov. Kentucky, wadda ta bar mutane su duba farashi ba tare da asusu ba, nata ya yi aiki tun makon farko.

Mu ma ba baƙi ba ne a irin wannan ciwo. A watan Mayun 2025 hukumar JAMB ta amince cewa kuskuren fasaha ya ɓata sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a cibiyoyi 157, sai da aka sake musu jarrabawa. Duk uban da ya ga ɗiyarsa na kuka a kan makin da ba nata ba ya san cewa aikin kwamfuta na gwamnati rayuwar mutane ce.

Abin da ke damuna a labarin Amurka shi ne cewa shawarar ƙwararru ba ta taɓa yin ƙaranci ba. McKinsey ƙwararru ne, sun faɗi gaskiya, sun karɓi kuɗinsu, sun tafi. Bambancinsu da su Dickerson shi ne waɗannan sun zauna cikin ɗakin, hannunsu na kan aikin, kuma bayansu akwai Zients wanda ke magana da fadar shugaban ƙasa kai tsaye. In suka ce a yi abu yau, yau za a yi. Da an ba irinsu wannan dama a 2011, kuɗin da za a kashe musu ba zai kai ko ɗigo cikin miliyan 840 ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a ranar tafiyar aka neme su.

Gwamnatin Obama ta ɗauki darasin. Sebelius ta yi murabus a Afrilun 2014. A watan Agusta aka naɗa Kevin Counihan shugaban kasuwar inshorar na farko, wata goma sha bakwai bayan McKinsey ya nemi a yi hakan. Wata ƙaramar tawagar matasan injiniyoyi ta sake rubuta manhajar shiga, ta kuma rage fom ɗin nema daga shafi 76 zuwa 16 ga mafi yawan masu nema. A watan Maris na 2014 aka kafa 18F, rukunin injiniyoyi da masu zane da ke taimaka wa hukumomi su gina manhaja ko su san abin da za su saya. Ranar 11 ga Agusta kuma aka kafa United States Digital Service a ƙarƙashin fadar White House, Dickerson ne shugabanta na farko. An yi koyi ne da Birtaniya, wadda ta kafa irin wannan sashe a 2011 bayan ita ma ta sha kashi a manyan ayyuka, ciki har da shirin kwamfuta na hukumar lafiyarta da ya laƙume biliyoyin fam. Manufar ita ce gwamnati ta kasance da nata mutanen da za su zauna gaban ɗan kwangila su gane ko abin da yake faɗa gaskiya ne. Cikin shekara goma sun taɓa tsarin neman kula da lafiya na tsofaffin sojoji, da takardun shige da fice, da shafin da Amurkawa suka nemi kayan gwajin korona kyauta a farkon 2022, wanda ya ɗauki miliyoyin buƙatu ba tare da ya durƙusa ba.

Ranar 20 ga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin da ya sauya wa United States Digital Service suna da aiki, ya mayar da ita gidan shirin DOGE na rage kashe kuɗin gwamnati. A watan Fabrairu aka sallami wasu daga cikin ma'aikatanta, wasu 21 kuma suka ajiye aiki a rana ɗaya. Ranar 1 ga Maris aka rufe 18F baki ɗaya, aka aika wa ma'aikatanta saƙon sallama cikin dare.